Kafin ka matsar da libc da 'yan uwanta a cikin fakej ɗin Linux, bi waɗannan matakan

Duk mai haɗa fakej na Linux wata rana sai ya leƙa /lib ya ga kamar an zuba kaya ba tsari, ya ji yana so ya kwashe komai ya mayar /usr/lib, ko ya raba wani babban fakej gida biyu don ya yi kyan gani. In laburaren da firogiram ɗaya ko biyu ke amfani da shi ne to ba wata damuwa, in ya karye ka gyara ka sake turawa. Amma libc.so.6, wato babban laburaren C da kusan kowane firogiram ke dogara da shi, da lodan da ke tada firogiram, da libgcc_s, libcrypt, libselinux, libz da ire-irensu wani abu ne daban, saboda dpkg ko rpm ko pacman ɗin da zai yi maka aikin matsarwar shi kanshi a kansu yake tsaye, shel ɗin da zai gudanar da sikirif ɗinka shima haka. Kuma abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, yawanci tsohon tsari lafiya yake, sabon tsari ma lafiya yake, inda ake mutuwa shi ne 'yan daƙiƙun nan na tsakiyar afdet lokacin da tsohon wuri ya tafi sabo bai gama zama ba.

Mataki na farko: ka san hanyar da ba ka da ikon taɓawa

Buɗe taminal ka buga wannan:

readelf -l /bin/ls | grep interpreter

A kan x86_64 mai glibc zaka ga /lib64/ld-linux-x86-64.so.2. A i386 /lib/ld-linux.so.2 ne, a arm64 kuma /lib/ld-linux-aarch64.so.1. Wannan hanyar a rubuce take a jikin kowane firogiram mai dogara da laburaren waje tun ranar da aka haɗa shi, kanel ne ke karanta ta ya buɗe fayil ɗin kai tsaye, baya duba PATH, baya duba LD_LIBRARY_PATH, baya duba kash ɗin /etc/ld.so.cache mai jerin inda laburare suke, ba ruwansa da komai. In babu fayil a wannan wurin daidai shikenan, ba abin da zai tashi, kuma saƙon da zaka gani mai ruɗarwa ne sosai, zaka buga ls shel zai iya ce maka "No such file or directory" alhali ls na nan zaune lafiyarsa, lodansa ne ya ɓata.

Ko da zaka iya sake haɗa duk fakej ɗin distiro ɗinka da sabuwar hanya, ka tuna da firogiram ɗin da mutane ke saukewa daga waje, su sun riga sun ɗauka loda na wurin da kowa ya sani. Shi yasa NixOS, da ke ajiye laburarenta a ƙarƙashin /nix/store, firogiram ɗin da aka haɗa don sauran distiro baya tashi a kanta sai an bi ta patchelf ko nix-ld, haka Alpine mai musl da lodanta yake /lib/ld-musl-x86_64.so.1. Su da gangan suka zaɓi haka kuma sun san kuɗin da suka biya. Kai in ba wannan ne nufinka ba, ainihin fayil ɗin zai iya komawa duk inda kake so amma tsohuwar hanyar dole ta ci gaba da kaiwa gare shi, ko da na daƙiƙa ɗaya kar ta yanke.

Sai ka duba inda loda ke neman sauran laburare. Yana fara duba RPATH in akwai, sai LD_LIBRARY_PATH, sai RUNPATH, sai /etc/ld.so.cache, a ƙarshe sai foldojin da aka gina masa a jiki. Daga glibc 2.33 zuwa sama zaka iya buga /lib64/ld-linux-x86-64.so.2 --help ya jero maka su. Ka rubuta su ka ajiye, don in sabuwar foldarka bata cikin waɗannan to rayuwar sistem ɗin gaba ɗaya ta rataya ne a kan kash, kuma kash baya sabunta kansa sai ldconfig ya gudana.

Mataki na biyu: nemo masu dogara da tsohon wuri waɗanda ldd baya nunawa

Anan mutane ke yaudarar kansu, su gudanar da ldd a kan firogiram goma su ga komai ya fito su ce an gama. ldd abin da aka haɗa tun farko kawai yake nunawa, baya ganin abin da ake buɗewa daga baya ta dlopen. Modul ɗin PAM masu tantance mai shiga sistem, irin su pam_unix.so, ta haka ake buɗe su daga folda takamaimai, in suka matsa libpam bata sani ba ba mai iya shiga ko ta ssh ko ta gaban na'ura, kuma bazaka lura ba sai ka fita ka zo dawowa. Modul ɗin NSS masu nemo sunayen masu amfani da na na'urori ma ta dlopen ake buɗe su, da na gconv masu canza tsarin haruffa. Ita kanta glibc tana buɗe libgcc_s.so.1 ta dlopen lokacin da aka kira pthread_cancel, sai kaga sabis ya yi kwanaki yana aiki lafiya sannan ya faɗi ranar da ya zo kashe wani zare (thread) na aikinsa.

Sannan akwai fayilolin rubutu da hanyar ke ciki ɓaro-ɓaro. Yi cat a kan /usr/lib/x86_64-linux-gnu/libc.so a Debian ko Ubuntu, zaka ga ba laburare bane ma, ɗan rubutu ne da ke gaya wa ld, mai haɗa firogiram da laburarensa, cikakkiyar hanyar libc.so.6 da ta loda, in baka gyara shi ba gcc zai daina haɗa komai. Ka bi fayilolin .pc na pkg-config, da .la na libtool in har akwai saura, da na CMake. Hanya mafi sauƙi ka yi grep -r da tsohuwar hanyar a /etc da /usr/lib da /usr/share da kuma sikirif ɗin sauran fakej da ke /var/lib/dpkg/info, zaka sha mamakin abin da zai fito.

Sai tsare-tsaren tsaro masu iyakance abin da firogiram zai iya taɓawa: AppArmor da hanyar fayil yake aiki, dokar da ta ba da izinin /lib/wani-abu bata san /usr/lib/wani-abu ba. SELinux kuma da lakabi yake aiki, kuma mv yana tafiya da tsohon lakabi ne, don haka sai ka duba dokokin lakabin sabon wurin ka yi restorecon. Na ƙarshe initramfs, wanda ke kwafar loda da laburare zuwa cikin ɗan ƙaramin sistem ɗin da ke tada na'ura, in sikirif ɗin da ke haɗa shi ya nemi fayil a tsohon wuri bai samu ba wani lokacin ko ƙorafi mai ƙarfi baya yi, sai ranar ribut kanel ya tsaya cak. In kuma /usr a fatishan daban yake to dole initramfs ya iya hawar da shi kafin ya miƙa wa init, tunda yanzu libc ɗin ma can take.

Mataki na uku: ka fahimci abin da manajan fakej ke yi a tsakiyar afdet

Wannan shi ne zuciyar maganar, kar ka tsallake shi don Allah. A dpkg, fakej na iya zuwa da sikirif da ake gudanarwa kafin da bayan cirewa (prerm, postrm) da kafin da bayan girkawa (preinst, postinst), afdet kuma na tafiya kamar haka: prerm na tsohon fakej, preinst na sabo, a zuba sabbin fayiloli, postrm na tsoho, a goge fayilolin da ke tsoho amma basa cikin sabo, sannan daga baya, wani lokacin bayan an zuba wasu fakej masu yawa, a zo kan postinst. ldconfig kuwa yawanci ta tiriga ake kiransa, wato aikin da dpkg ke jinkirtawa zuwa gaba, shima ba nan take ba. To ka duba tazarar da ke tsakanin goge tsohon fayil da gudanar ldconfig, a duk wannan lokacin kash na nuna wurin da babu komai, kuma dpkg na ci gaba da kiran /bin/sh da tar da rm da perl don yin aikin sauran fakej. In ɗayansu ya ƙi tashi afdet ya tsaya a tsakiya, kuma kayan da zaka gyara da su sune suka karye. Shi yasa dokar Debian ta ce fakej masu alamar Essential dole su yi aiki ko da an zuba su ne kawai ba a kai ga saita su ba, ma'ana baka da damar cewa "ai postinst zai gyara".

An ga irin wannan da libcrypt.so.1. Da a cikin libc6 take, sai Debian ta fitar da ita zuwa fakej ɗin libcrypt1, mutanen da afdet ya zo musu a karkace, musamman masu tsallake nau'i, suka samu sabuwar libc6 ta sauka tsohuwar libcrypt ta tafi sabuwa bata iso ba, perl ya ƙi tashi, ga shi debconf da tarin sikirif ɗin fakej da perl suke aiki, apt ya maƙale ba gaba ba baya.

Sai babbar matsalar da haɗe /usr ya kawo, wato mayar da foldoji irin su /bin da /lib su zama simlink, mahaɗi mai nuna wani wuri, zuwa takwarorinsu na cikin /usr. A sistem ɗin da /lib simlink ne zuwa usr/lib, fayil ɗaya yana da suna biyu, amma dpkg a rumbun bayanansa sunaye yake kwatantawa, a wurinsa /lib/libmisali.so.1 da /usr/lib/libmisali.so.1 abu biyu ne da basu san juna ba. Ka ɗauka tsohon fakej A ne ke da na /lib, yanzu ka mayar da shi sabon fakej B a ƙarƙashin /usr/lib ka saka Replaces, mai ba B izinin karɓe fayilolin A, kamar yadda aka saba. B ya sauka ya rubuta fayil ɗinsa, a kan diski ya hau kan na A ne amma dpkg bai ga wani karo ba, don haka bai cire sunan daga jerin kayan A ba. Daga baya aka sabunta A ko aka cire shi, dpkg ya ga sunan /lib/libmisali.so.1 a jerinsa ya goge, wanda kuwa ya goge shi ne sabon da B ya ajiye. Ba kuskure ko ɗaya a allo, dpkg -l na nuna B lafiya lau, fayil kuma babu. Kuma abin ya danganta da wanda apt ya fara zubawa, shi yasa zai iya wucewa lafiya a na'urarka ya kashe ta wani.

Saboda wannan ne kwamitin fasaha na Debian ya dakatar da matsar da fayiloli daga / zuwa /usr a lokacin shirya Debian 12, wadda ta fito a 2023 tana buƙatar haɗaɗɗen /usr amma fakej ɗinta da yawa na ci gaba da rubuta /lib da /bin. Sai bayan nan aka yi aikin DEP17, wanda Helmut Grohne ya ja gaba, aka zauna aka lissafa matsalolin ɗaya bayan ɗaya da maganin kowacce, har da manhajar dumat mai bincikar rumbun fakej tana neman inda fayil zai iya ɓata, sannan aka yi ainihin ƙaurar a zagayen Debian 13. Ni a ganina wannan haƙurin nasu shi ne daidai ko da ya ja lokaci kuma ya jawo cacar baki, in distiro mai hannaye da yawa haka ta ɗauki shekaru to kai kaɗai bai kamata ka yi shi a dare ɗaya ba.

Sauran ma basu tsira ba. rpm baya iya maye folda da simlink kai tsaye, shi yasa da Fedora 17 ta yi nata haɗewar a 2012 sai da aka yi juyin a cikin initramfs ɗin da dracut ke haɗawa lokacin tashi, kafin sistem ya fara aiki, kuma har yanzu shawararsu ga irin wannan sauyin ita ce sikirif ɗin %pretrans da aka rubuta da Lua, don Lua a cikin rpm ɗin yake baya buƙatar shel. Arch ma a 2012 da glibc 2.16 ta mayar da /lib simlink, aka ce wa mutane su fara pacman -Syu --ignore glibc sannan pacman -Su, kuma kar su kuskura su yi --force, waɗanda suka yi da sauran fayiloli a /lib sun ƙare da sistem mara loda. dpkg kuwa in ya tarar da folda inda fakej ya kawo simlink, shiru zai yi ya bar foldar yadda take, sai ka yi amfani da dir_to_symlink na dpkg-maintscript-helper.

Mataki na huɗu: raba sauyin, ba a tauna taura biyu a baki ɗaya

Kar ka canza foldar fayil kuma ka canza fakej ɗin da ke riƙe da shi a tsakanin fitowa ɗaya. In a cikin fakej ɗaya ne ya tashi daga /lib ya koma /usr/lib, dpkg yana lura cewa fayil ɗaya ne a kan diski baya goge shi, matsalar sai an haɗa biyun. Kuma "fitowa ɗaya" ba afdet ɗinka na jiya da na yau nake nufi ba, ka lissafa daga tsohon nau'in da mai amfani zai iya tasowa, wanda ke kan tsayayyen nau'i zai haɗiye duk sauye-sauyenka na shekara biyu a zama ɗaya ne, ko da kai wata shida ka saka tsakaninsu. Haka ta faru a Debian a 2024 da aka sake wa laburare da yawa suna da t64 saboda sauyin time_t, ma'ajin lokaci a C, zuwa bit 64, sabon sunan fakej ya haɗu da ƙaurar /usr, dole aka bi su da kariya ta musamman.

In ba makawa sai ka haɗa, hanya biyu ce. Conflicts a maimakon Replaces, don a cire tsoho kafin sabo ya sauka, amma ka ga wannan na nufin akwai lokacin da laburaren babu shi kwata-kwata, ga abin da sh ko dpkg ke buƙata wannan ba magani bane. Ta biyun ita ce a preinst na sabon fakej ka yi dpkg-divert da --no-rename a kan tsohon sunan, ta yadda in dpkg ya zo goge kayan tsohon fakej zai tafi neman wani suna daban da babu kowa a wurin, sai ka cire kariyar bayan tsohon ya tafi. Ka kuma duba ko akwai wani fakej da ya riga ya yi divert a kan tsohuwar hanyar, don da zarar ka matsa nasa ya daina aiki, haka tiriga da statoverride da aka ɗaura a kan tsohon suna.

Tsarin da nake bi dai kullum ɗaya ne: sabon wuri ya fara samuwa, loda ya san shi, kash ya sabunta, sannan tsohon ya zama simlink, gogewa kuwa sai wata fitowar. Inda ake buƙatar tabbacin wani fakej ya riga ya zauna kafin naka ya sauka, Pre-Depends ne ke ba da wannan, Depends baya bayarwa.

Mataki na biyar: simlink da yadda ake ajiye fayil

Simlink mai ../ yana canza ma'ana in ya matsa. Mafi muni, in /lib ɗin kanta simlink ce zuwa usr/lib, to .. daga cikinta /usr yake kai ka ba / ba. Ka bi kowanne da readlink -f a sistem mai haɗaɗɗen /usr da wanda ba a haɗe ba, kuma ka duba kar sabon simlink ɗin "tsohon wuri" ya zama yana nuna kansa, don a haɗaɗɗen sistem tsohon wuri da sabo ɗaya ne.

Kar ka taɓa yin cp a kan laburaren da ke aiki, cp yana yanke fayil ɗin ne ya sake rubutawa a wurin, duk firogiram ɗin da ya ɗora shi a ƙwaƙwalwa zai iya faɗuwa nan take. Ka rubuta da wani suna a folda ɗaya sannan ka yi mv a kai, wannan a bugu ɗaya yake faruwa, amma fa in fatishan ɗaya ne, in daban ne mv kwafa da gogewa yake yi. Kuma loda da libc.so.6 tare suke tafiya, dole su fito daga gini ɗaya, sabon loda da tsohuwar libc faɗuwa ne.

Mataki na shida: kayan ceto da gwaji

Kafin ka gwada a kan kowace na'ura ta gaske, ka saka busybox-static, ka ɗauki sinafshot, ka buɗe shel na root guda biyu ka bar su a buɗe. Ba sudo ba, ainihin shel na root, don sudo setuid ne, wato yana ɗaukar ikon root lokacin tashi, loda yana watsi da LD_LIBRARY_PATH a kansa, in ka kira shi ta hannun loda kuma ikon root ɗin baya zuwa.

Gwajin sabon girkawa kaɗai bashi da amfani a nan. Ka girka tsohon nau'i a VM ka yi afdet, ka gwada da dpkg -i kana juya jerin fakej ɗin da hannu, A kafin B sannan B kafin A, ka kashe afdet a tsakiya ka ga ko dpkg --configure -a zai iya ƙarasawa, ka gwada da laburaren i386 a gefe in kana da multiarch, ka gwada debootstrap ko mmdebstrap daga babu don can ma akwai lokacin da simlink bai samu ba tukuna. piuparts, manhajar gwada girkawa da afdet da cire fakej ɗin Debian, na taimakawa sosai. Bayan kowane gwaji dpkg --verify ko rpm -Va, shi ne zai tona fayil ɗin da ya ɓata shiru. Kontena bata isa ba tunda bata bi ta initramfs, sai ka duba cikinsa da lsinitramfs ko lsinitrd ka yi ribut na gaske, ka shiga ta ssh da sabon zama, ka haɗa ɗan firogiram da gcc.

In ya riga ya karye

Kar ka rufe taminal, kar ka yi ribut. Shel ɗinka na raye saboda ya riga ya ɗora laburarensa, cd da echo * suna aiki don a jikinsa suke, da su zaka nemo inda fayilolin suka koma. In loda na nan libc ce ta matsa, buga /sbin/ldconfig da sabuwar foldar, shi baya dogara da libc ta waje, sai dai a wasu nau'ikan Ubuntu ldconfig ɗin sikirif ne ainihin yana /sbin/ldconfig.real. In lodan ne ya ɓata, kira shi da kanka daga inda yake:

/sabon/wuri/ld-linux-x86-64.so.2 --library-path /sabon/wuri /usr/bin/ln -s /sabon/wuri/ld-linux-x86-64.so.2 /lib64/ld-linux-x86-64.so.2

ln libc kawai yake so, cp da mv kuwa suna neman libselinux da libacl, sai ka ƙara foldarsu a --library-path da alamar : a tsakani. In kana da busybox na static duk wannan wahalar ta ragu, busybox ln da busybox mv kawai.

In shel ya riga ya tafi sai ka tashi da filashi ka hawar da diskin a /mnt. chroot zai ƙi har sai loda ya dawo, haka dpkg --root tunda sikirif ɗinsa a ciki yake gudanar da su. Kuma kar ka yi dpkg-deb -x na libc6 kai tsaye a kan /mnt, in fakej ɗin na ɗauke da foldar lib to tar zai iya share simlink ɗin /lib ya kafa sabuwar folda a wurin, ka ƙara wa kanka aiki. Ka warware shi a wata folda daban ka kwafi abin da ya ɓata da hannu, ko ka bi ta dpkg-deb --fsys-tarfile ka miƙa wa tar da --keep-directory-symlink. Da chroot ya buɗe sai ldconfig, dpkg --configure -a, ka sake girka fakej ɗin da abin ya shafa da apt reinstall, dpkg --verify, sannan update-initramfs -u kafin ka taɓa ribut.